Waɗanda Suka Sha Wahala Don Duniya Ta Yi Dariya: Zare a Kan "The Gold Rush"

1/ Jama'a, ku ba ni aron hankalinku. Zaren nan yana da tsawo, don haka mai ƙaramin data ya ajiye shi sai dare. Labarin wani fim ne na barkwanci da aka yi a 1925, babu magana ko ɗaya a cikinsa, da labarin mutanen da suka haɗa shi. Amma daga Tafoki zan faro.

2/ Hutun da ya wuce ina gida, ina kwance a zaure ina kallon wani guntun bidiyon Charlie Chaplin a waya. Kakana ya leƙo, ya ƙura wa wayar ido, sai ya ce: "Kai ɗan nema, ina ka samo Cali?" Na ce Tsoho, kai ma ka san shi? Ya ce tun ubanka bai zo duniya ba.

3/ Ashe a majigi ya san shi, yana yaro. Mota ce ke zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da janareto, bayan sallar isha'i kowa ya fito da tabarmarsa. A nuna fim ɗin tsafta ko na noma, a tsakani a saka ɗan mutumin nan mai guntun gashin baki da sanda da manyan takalma.

4/ Kalmar majigi ma daga Turanci muka aro ta, daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Wanda ya fi yin suna a harkar a Nijeriya shi ne William Sellers, wani Bature duba-gari a Legas, da ya fara amfani da fim wajen wayar da kai kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa a ƙarshen shekarun 1920.

5/ A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen yin finafinai don ƙasashen da take mulka, aka ɗora Sellers a kai. Da gangan suke yin yawancin finafinan babu magana, domin a kowane gari tafinta ya riƙe lasifika ya yi bayani da harshen mutanen wurin. Fim ɗaya ya yi aiki a Katsina, ya yi a Ibadan, ya yi a Kumasi.

6/ Sellers yana da ra'ayin cewa ɗan Afirka ba zai gane dabarun kyamara ba, sai an tafi da shi sannu-sannu kamar ɗan yaye. Amma ga Tsoho, bayan shekaru masu yawa, ya manta darasin tsaftar kaf, tafiyar Cali kuwa har kwaikwayonta ya yi mini a zaure, da ciwon gwiwarsa da komai.

7/ Na tambaye shi sunan direban motar, ko na mai kunna na'urar, ko na tafintan. Ya yi shiru, ya ce tafintan dai wani dogo ne mai zaƙin baki, wani lokaci maganarsa ta fi hoton ban dariya. Suna kam ya tafi. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mun riƙe fuska ɗaya, sauran duk sun ɓace.

8/ Da na koma makaranta na shiga kallon finafinan Chaplin ɗaya bayan ɗaya, ina bin sunayen da ke bayansa. Wanda ya fi kama ni shi ne The Gold Rush, wato rububin zinare. Duk ɗan Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara zai gane dalili kafin mu kai ƙarshe.

9/ Asalin labarin: a watan Agusta 1896 aka gano zinare a yankin Klondike da ke arewacin Kanada. Kusan mutum 100,000 suka kama hanya. Tsakanin 30,000 zuwa 40,000 ne suka isa. Waɗanda suka samu zinaren ba su wuce kimanin 4,000 ba, masu yin arziki da shi kuma 'yan ɗaruruwa ne.

10/ Hukumar Kanada ba ta barin mutum ya wuce sai da guzurin shekara guda, kaya kusan tan ɗaya. Haka mutum zai yi ta hawa da sauka a mashigin dutsen Chilkoot cikin dusar ƙanƙara, yana jidar kayan kaɗan-kaɗan a baya. Hoton wannan layin mutane Chaplin ya gani a gidan abokinsa Douglas Fairbanks a 1923.

11/ Sai ya haɗa shi da wani labarin da ya karanta, na ayarin Donner, matafiyan da dusar ƙanƙara ta tare a duwatsun Kalifoniya a 1846. Yunwa ta kai su ga dafa fatar takalmi, wasu har ga cin gawar 'yan'uwansu. Daga wannan masifa mutumin nan ya zauna ya fitar da fim ɗin dariya.

12/ Ba baƙo ba ne a wajen yunwa. An haife shi a Landan a 1889, uba mashayi, uwa mai fama da taɓin hankali. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta. Wanda ya kwana da yunwa ya san inda abin dariyarta yake, ya kuma san inda ba a taɓawa.

13/ Yanzu ga mutanen. Na farko: Roland Totheroh, mai ɗaukar hoto. Ana ce masa Rollie. Ya fara aiki da Chaplin tun wajen 1915, suka shafe sama da shekara 30 tare. Kusan duk hoton Chaplin da ka taɓa gani yana yawo a intanet, ta idon Rollie ka gan shi.

14/ Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, kamar injin niƙan markaɗe na hannu. In ka yi sauri, motsi ya fito a hankali. In ka rage, mutane su riƙa gudu kamar an kunna musu wuta. Ma'ana, saurin barkwancin kansa yana wuyan hannun mai kyamara. Kuma kyamara biyu ake jerawa, kwafi ɗaya na Amurka, ɗaya na ƙasashen waje.

15/ Akwai wurin da yunwa ta sa abokin Cali ya riƙa ganinsa a matsayin ƙatuwar kaza. A gaban idonka mutum ya narke ya koma kaza. Babu kwamfuta. A cikin kyamarar aka yi: a rufe haske a hankali, a tsaya, a maida fim ɗin baya, Chaplin ya sa rigar kaza ya tsaya daidai inda yake, a sake buɗewa.

16/ Kuskuren taku ɗaya ko na lissafin juyi, aikin ya lalace, a sake daga farko. Duk mai haɗa bidiyo a waya yau, da ka danna abu ɗaya ka samu irin wannan, ka tuna da Rollie. Ya rasu a 1967, kuma in ka tambayi masoyan Chaplin goma, da wuya biyu su san sunansa.

17/ Na biyu: Mack Swain, ƙaton da ya fito a matsayin Big Jim, mai ganin kazar. Tsohon ɗan wasa ne, sun yi aiki da Chaplin a kamfanin Keystone tun 1914. Daga baya ya samu saɓani da wani furodusa, ƙofofi suka rufe masa, aiki ya yi wuya. Chaplin ne ya jawo shi ya dawo da shi fage.

18/ Shi da Chaplin suka yi fitowar da ta fi shahara: dafa takalmi. Cali ya dafa takalminsa ɗaya, ya zuba a faranti, ya raba da Big Jim. Yana naɗe igiyar takalmin kamar taliya, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza, da natsuwa irin ta mai cin abinci a gidan sarki.

19/ Takalmin da wata baƙar alewa mai danƙo aka yi shi. Kwana uku ana ɗauka, an maimaita sau 63, domin Chaplin ba ya gamsuwa da wuri. Matsalar ita ce alewar nan in ta yi yawa tana sakin ciki. Su biyun sun sha zarya bayan gida. Fuskar wahalar da Swain ke yi a wurin, rabinta ba wasa ba ne.

20/ Na uku, kuma nan labarin ba daɗi: Lita Grey. Ita aka fara ɗauka a matsayin jarumar fim ɗin. Tun tana 'yar shekara 12 ta fito a fim ɗinsa The Kid na 1921. Ana cikin aikin The Gold Rush ta samu ciki, na Chaplin. Tana da shekara 16, shi yana da 35.

21/ A dokar Kalifoniya wannan laifi ne da zai iya kai shi kurkuku. Sai aka tsallaka Meziko aka ɗaura aure a ɓoye a Nuwamba 1924. Aka cire ta daga fim ɗin. Auren ya mutu a 1927 bayan 'ya'ya biyu da shari'ar da ta cika jaridu, ya biya ta sama da dala 600,000.

22/ Na san masoyansa ba za su so wannan sashe ba. Ni ma ina son aikinsa. Amma shi ne mai kamfani, shi ne darakta, shi ne mai biyan albashi, ita kuma yarinya ce mai neman shiga. In muna yin tir da irin wannan idan ya faru a masana'antarmu, ba za mu kau da kai don wanda ya yi gwani ne ba.

23/ Na huɗu: Georgia Hale, wadda ta maye gurbinta. Daga Chicago ta zo bayan ta ci gasar kyau. Chaplin ya gan ta a wani fim na ƙaramin kuɗi, The Salvation Hunters, na Josef von Sternberg. Ita ce yarinyar gidan rawa da Cali ya shirya wa liyafar sabuwar shekara, ta manta ba ta zo ba.

24/ A wannan liyafar, cikin mafarkinsa, ya soka cokula masu yatsu biyu a ƙananan burodi biyu ya mayar da su ƙafafu suna rawa. An ruwaito cewa a Balin 'yan kallo sun yi ta tafi har aka maida fim baya aka sake nuna wurin. Roscoe Arbuckle ya riga shi yin irin wasan a 1917, Chaplin ya ɗauka ya gyara.

25/ Georgia kuwa tauraronta bai daɗe ba. Finafinai masu magana suka shigo daga 1927, ita da 'yan wasa da yawa aka bar su a baya. Ta koma harkar saye da sayar da gidaje, kuma ta yi arziki a can. Ta rasu a 1985. Wataƙila ita ce ta fi kowa a cikinsu dace da zinaren gaske.

26/ Na biyar: Charles D. Hall, mai tsara wurin ɗauka. Shi da ma'aikatansa suka gina duwatsun Alaska a cikin sutudiyo a Hollywood, da katako da filasta, gishiri da fulawa a matsayin dusar ƙanƙara. Ana zafi a waje, 'yan wasa na cikin rigunan fata suna kwaikwayon rawar ɗari.

27/ Su suka haɗa bukkar katakon da guguwa ta kai bakin kwazazzabo tana lilo. Akwai babba da ake karkatawa da igiyoyi 'yan wasa na zamewa a ciki, akwai 'yar ƙarama da ake ɗauka daga nesa. Hall daga baya shi ya tsara wuraren Dracula da Frankenstein a 1931.

28/ Akwai Henry Bergman, wanda ya fito a matsayin mutumin kirkin da ya bai wa Cali masauki. Tun 1916 yake tare da Chaplin, ɗan wasa ne, mataimaki ne, mai ba da shawara ne, wani lokaci har rigar mata yake sawa ya fito a tsohuwa. Akwai Tom Murray, mugun fim ɗin. Kowane darakta yana da irin waɗannan da ba ya motsi sai da su.

29/ Sai waɗanda suka fi tsaya mini a rai. Don ɗaukar layin masu hawan dutse, aka je Truckee, kusa da inda ayarin Donner suka maƙale. Aka kwaso mutum 600 a jirgin ƙasa daga Sacramento, yawancinsu marasa gida da marasa aikin yi, aka ɗora musu kaya suka hau dutse cikin sanyi na gaske.

30/ Ka duba abin: talakawa na gaske suna kwaikwayon talakawan da suka tafi neman zinare, don ladan yini. Da su fim ɗin ya buɗe, hotonsu ya zaga duniya, kuma ba sunan ko mutum ɗaya a cikinsu a jikin fim ɗin. Yawancin sauran abin da aka ɗauka a Truckee ma Chaplin ya watsar, ya sake a sutudiyo.

31/ An fara ɗauka a Fabrairu 1924, aka gama a Mayu 1925, aka fara nunawa ran 26 ga Yuni 1925. Ya ci sama da dala 900,000, ya dawo da miliyoyi. Chaplin ya ce da wannan fim yake so a riƙa tunawa da shi. A 1942 ya sake fitar da shi da kiɗa da muryarsa tana bayani. Wato shi ma ya koma tafintan majigi.

32/ To me ya haɗa ɗan Tafoki da wannan? Mu ma muna da namu rububin. Daga Faskari ka tsallaka ka shiga Zamfara, daga Sabuwa ka gangara Birnin Gwari. Wa a cikinmu bai san saurayin da ya bar gona ko makaranta ya tafi ramin zinare ba? Ni a cikin waɗanda muka yi firamare tare akwai uku.

33/ Ɗaya ya dawo da babur, gari ya ɗauka. Ɗaya ya dawo da tari da bashi, ba wanda ya yi zancensa. Ɗaya har yau uwarsa tana tambayar duk wanda ya fito daga can. Lissafin Klondike ke nan: labarin mutum ɗaya da ya samu shi ke jan ɗari, ɗarin kuma ba mai ba da labarinsu.

34/ A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinaren da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Afrilu 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro. Shi ya sa da na kalli Cali yana tsotsar ƙusa, na yi dariya, amma ba irin ta Tsoho ba.

35/ A fim ɗin, Cali da Big Jim sun gano dutsen zinarensu, sun zama attajirai, ya kuma haɗu da Georgia a jirgin ruwa. Ƙarshen da 'yan kallo ke so ke nan. Mutum 600 ɗin Truckee kuwa jirgin ƙasa ya maida su Sacramento, kowa ya ci gaba da neman na abinci.

36/ Mu dawo gida. Ka ce Ibro, kowa ya sani: Rabilu Musa, ɗan Ɗanlasan, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disamba 2014. To faɗa mini sunan mai kyamara ɗaya da ya ɗauke shi. Ko wanda ya tace fim ɗin. Ko mai riƙe fitila. Ni ma da na gwada kaina, na faɗi warwas.

37/ Kuma tarihin ba nisa gare shi ba. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990. Da yawa daga waɗanda suka yi aiki a shekarun nan suna raye, suna Kano da Kaduna da Jos da Katsina. Tambaya ce ba a yi musu.

38/ Amurka da duk kuɗinta, binciken babban ɗakin karatun majalisarsu na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na manyan finafinansu marasa magana sun ɓace har abada. The Gold Rush kuwa ya tsira. A 2025 aka gyara shi aka nuna a bikin Cannes na Faransa, yana cika shekara 100.

39/ Namu fa? Kaset-kaset ɗin shekarun 1990 suna cikin kwali a shaguna da ɗakunan iyayenmu, zafi da ƙura da gara suna ci. Na taɓa neman wani tsohon fim ɗin barkwanci da muke kallo muna yara, na zaga shago huɗu a Funtuwa. Mai shago na ƙarshe ya ce ya zubar da buhu biyu da ya canza sana'a.

40/ Filin da Tsoho ya kalli Cali yana nan. Amma a yanayin da yankinmu ke ciki, wa zai tara mutane a fili da dare yanzu? Tun abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020 kowa ya san amsar. Majigin ya koma cikin waya, kowa da nasa, kowa shi kaɗai. Masu tuna na fili kuma suna ƙarewa.

41/ Don haka ga roƙona. In kana da kaka ko tsohuwa a gida, yau ka zauna da su ka kunna rikodar waya. Tambaye su majigi: wace shekara, wane fili, me aka nuna, wa ke riƙe lasifika. Sun kalli Baban Larai, na noman auduga? In akwai tsohon kaset a gidanku, kar a zubar. Ɗauki hoton bayansa inda aka jera sunaye.

42/ Ku saka abin da kuka samu a ƙarƙashin zaren nan, da sunan gari. Zan tattara su wuri ɗaya kowa ya amfana. Ni dai na yi nawa: minti 40 na muryar Tsoho suna wayata. Da na gama ya ce in biya shi kuɗin hira, in ba haka ba zai ƙwace matarsa da yake ba ni aro. Na ba shi goro biyu, muka rabu a haka.